Gwalalon Ingila da Ganuwarmu: Yadda Ramin Taɓo Ya Samu Dokar da Ke Tsaronsa

Duk sanda maganar badalar Kano ko ganuwar Zariya ta taso a nan Facebook, sai an samu mai cewa, "To wai mene ne na tayar da jijiyar wuya a kan tarin ƙasa, alhali mutane na fama da abin da za su ci?" Ban raina wannan magana ba, mai faɗinta yana da hujjarsa. Amma yau Ingila nake so in kai ku, in ba ku labarin wani abu da a ido bai ma kai tarin ƙasa daraja ba. Rami ne kawai, mai taɓo da kwaɗi, a tsakiyar gonar wani. Duk da haka in ka kawo katafila ka cike shi ba izini, gaban alƙali za ka tsinci kanka. Ku yi haƙuri, rubutun yana da ɗan tsawo.

A Ingila an san wurare kusan 6,000 da a da gidaje ne waɗanda aka kewaye da gwalalo. Gwalalo dai shi ne ramin nan da ake haƙawa a zagaye gari ta bayan ganuwa. Nasu ya sha bamban da namu ta fuska biyu: ruwa ake tarawa a ciki, kuma gida ɗaya yake kewayewa, ba gari ba. Mutum zai zaɓi fili, yawanci mai kusurwa huɗu, ya sa a haƙa rami mai faɗi a kewaye shi, a wasu wuraren a zuba ƙasar da aka tono a tsakiya don wurin ya ɗan yi tudu. Sai ya gina gidansa na katako a wannan tsibiri, da ɗakin girki da rumbuna, wani lokaci har da ɗan ɗakin ibada. Hanyar shiga ɗaya ce, ko gada ko wata 'yar turba da aka bari ba a haƙe ba.

An fi yin irin wannan gini tsakanin 1250 da 1350. Sun fi yawa a tsakiyar ƙasar da gabashinta, musamman yankunan Suffolk da Essex, inda kowanne ke da ɗaruruwa. Dalilin a fili yake: ƙasar can laka ce mai riƙe ruwa, in ka haƙa rami ruwan sama da na ƙorama za su cika shi su zauna. A ƙasa mai yashi wahalar banza za ka yi. Akwai irinsu a Ireland da Holan da Beljiyam da Denmak, amma na Ingila zan tsaya a kai.

Su waye masu gidajen? Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Mafi yawansu ba sarakuna ba ne. Masu gandu ne na ƙauye, da limaman coci, da 'yan kasuwa, har da manoman da Allah ya buɗa wa. A ƙarni na 13 jama'ar Ingila ta ƙaru ƙwarai, ana sare daji ana buɗe sababbin gonaki, cinikin gashin tumaki kuma yana kawo kuɗi daga masaƙan Flanders da Italiya. Wani attajirin gashin tumaki mai suna Laurence na Ludlow ya gina gidan Stokesay, ya kewaye shi da gwalalo, kuma a 1291 sarki ya ba shi izinin yi masa ginin kariya irin na fada. Gidan yana nan har yau. Wanda ƙarfinsa bai kai na Laurence ba sai ya tsaya a kan ramin kawai. Kun san halin ɗan Adam, in maƙwabci ya sa ƙofar ƙarfe mai ado, baɗi kai ma sai ka kira mai walda.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan dalilin haƙa waɗannan ramuka. Da yawansu sun ce nuna isa ne, don ramin da faɗinsa bai wuce 'yan mitoci ba ai ba zai tare rundunar yaƙi ba. Wasu, irin su masanin tarihi Colin Platt, suka ce a'a, a dubi halin tsaron wancan lokaci tukuna. Ni dai da na duba, sai na ji kamar labarin gida nake karantawa.

Tsakanin 1315 da 1317 an yi mummunar yunwa a Turai, ruwan sama ya lalata amfanin gona. Bayanta cutar shanu ta biyo, ga rikicin sarauta a zamanin Sarki Edward na Biyu. Sai gungun 'yan fashi suka cika karkara. Fitattu a cikinsu su ne 'yan gidan Folville na yankin Leicestershire, 'yan'uwan juna ne, 'ya'yan babban gida, ɗaya daga cikinsu ma limamin coci ne. A 1326 suka kashe wani babban jami'in baitulmalin sarki, Roger Bellers. A 1332 suka yi garkuwa da alƙalin sarki, Richard Willoughby, ba su sake shi ba sai da aka biya fansar mak 1,300. Mak ɗaya kwabo 160 ne, wato kwabo 208,000 ke nan. Lebura a lokacin da ƙyar yake samun kwabo biyu a yini. Ku lissafa: ladan aikin sama da shekara 280. Shugabansu Eustace kuwa afuwa aka yi masa saboda ya yi wa sarki aikin soja, ya mutu ba a hukunta shi ba. Ban ce komai ba.

To mai gandun da ke zaune shi kaɗai a bakin daji, da rumbuna cike da hatsi da garken shanu, me zai yi? Rami mai ruwa ba zai hana soja ba, amma zai hana a kore maka shanu cikin dare ba ka ji ba, zai kuma tilasta wa duk mai zuwa ya biyo ta ƙofa ɗaya. Ga sauran amfani: yana tsane ruwa daga harabar gida, ana kiwon kifi a ciki (Kiristocin lokacin ba sa cin nama ran Juma'a da kwanakin azuminsu), in gobara ta tashi a gidan katako ga ruwa a kusa. A ganina tsoro da son a gani duk suna ciki, kamar dai doguwar katangar gidan mai kuɗi a yau.

A 1348 annobar nan da ake kira Baƙar Mutuwa ta shiga Ingila, ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jama'a. Daga nan haƙa sababbin gwalalo ya ja baya. Da zamani ya juya, jikoki suka ga zama cikin danshi ba daɗi, suka fita suka gina gidajen bulo a waje. Wasu ƙalilan ne aka ci gaba da zama a ciki, kamar Ightham Mote a Kent da Baddesley Clinton a Warwickshire. Saura suka zama kufai: katako ya ruɓe, ciyawa ta rufe, sai ramin kawai ya rage da itatuwa a bakinsa.

Me ya sa za a damu da kufai? Saboda taɓon da ke ƙasan ramin taska ce. Abin da ya nutse a laka mai ruwa, inda iska ba ta shiga, ba ya saurin ruɓewa. Masu binciken tarihi na ƙarƙashin ƙasa suna samun takalman fata, da akussan katako, da ginshiƙan gada, da ƙwayar hatsi, da ƙasusuwan dabbobi, har da ƙurar furanni wadda ke nuna irin itatuwa da amfanin gonar da ke kewaye da gidan shekara 700 da suka wuce. Littattafan tarihi sarakuna da yaƙe-yaƙe suke ba da labari. Abin da matsakaicin mutum ya ci, da abin da ya saya, da abin da ya ji tsoro, a wannan taɓo yake. In aka yashe shi da inji rana ɗaya, shi ke nan, babu mai dawo da shi.

Kada ku ɗauka Turawa da son kayan tarihi aka haife su. Wani ɗan majalisa mai suna John Lubbock ya yi shekaru yana kai ƙudurin kare wuraren tarihi, masu filaye suna kayar da shi, suna cewa gwamnati ba ta da hurumi a gonar mutum. Sai a 1882 dokar farko ta wuce, ita ma ba haƙori: wurare 68 kawai ta lissafa, galibi na zamanin da ba a fara rubutu ba, kuma sai mai wuri ya yarda. Aka naɗa Janar Pitt Rivers ya zama sufeto na farko. Abin da ya farkar da su shi ne badaƙalar fadar Tattershall, wadda ita ma gwalalo ke kewaye da ita. An sayar da ita, aka ciccire manyan murahunta na dutse za a fitar da su, sai Lord Curzon ya saye wurin a 1911, ya bi sawun murahun ya dawo da su. Kunyar wannan ta taimaka aka yi dokar 1913, wadda ta ba gwamnati ikon tsawatawa ko mai wuri bai so ba.

Duk da haka ƙananan gidajen gwalalo ba wanda ya kula da su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da noman inji ya bunƙasa, manoma sun cike da yawa daga cikinsu don faɗaɗa gona. Abin da ya cece su aiki ne marar armashi: ƙidaya. A farkon shekarun 1970 wasu malamai da 'yan sa-kai suka kafa ƙungiyar binciken irin waɗannan wurare. Suka riƙa bin tsofaffin taswirori da hotunan jirgin sama, suna shiga gonaki da igiyar awo, gunduma bayan gunduma. Da aka san adadinsu da inda suke, sai aka iya cewa wannan yana da muhimmanci, wancan ya riga ya lalace. Daga 1986 hukuma ta yi wani shiri na musamman na tantance wuraren tarihi, aka shigar da da yawa cikin rajistar kariya.

Dokar da ke aiki yanzu ta 1979 ce. Ga yadda take, a taƙaice. Ministan al'adu ne ke sa wuri a rajista, bisa shawarar hukumar Historic England. Wuraren da ke cikin rajistar a Ingila sun kusa 20,000, daga da'irar duwatsu har zuwa ramukan da muke magana. Kowanne yana da lamba, da bayani, da taswira mai nuna iyakarsa, kuma kowa zai iya dubawa a intanet kyauta. Ba a ƙwace filin. Mai gona yana nan da gonarsa, zai iya sayarwa, zai iya barin gado, ba dole ya bar 'yan kallo su shiga ba. Abin da aka hana shi shi ne haƙa, ko cikewa, ko gini, ko yashe ramin sai da rubutaccen izini. Ko yawo da na'urar gano ƙarfe a wurin ba lasisi laifi ne. Wanda ya lalata da gangan, tara ce marar iyaka ko ɗauri har shekara biyu. A gefe guda kuma akwai tallafin da ake ba manomi in ya yarda ya daina huɗa a wurin ya mai da shi makiyaya. Tun 1990 kuma, mai son yin babban gini a inda ake zaton akwai kayan tarihi, shi zai biya kuɗin binciken kafin ya fara.

Tsarin yana da nasa giɓin. Ba duk 6,000 ɗin ne ke cikin rajista ba, wani kaso ne kawai. Akwai sassaucin da ya bar manomi ya ci gaba da huɗa inda dama ana huɗa, garma kuwa a hankali take cin tarihi. Hukumar da kanta tana fitar da jerin wuraren da ke cikin haɗari kowace shekara. Kuma ba gwamnati kaɗai ke aikin ba. Ightham Mote, wanda aka fara ginawa wajen 1340, ya kusa salwanta a 1951, sai wasu mutanen yankin su uku suka haɗa kuɗi suka saye shi. Wani Ba'amurke, Charles Henry Robinson, ya karɓa a 1953, ya bar wa ƙungiyar National Trust wasiyyarsa, ta karɓa a 1985, ta yi shekara goma sha biyar tana gyara.

Na san wani zai ce, ai su ne suka zo suka fasa mana namu. Gaskiya ne. Shekara 21 kacal bayan dokarsu ta 1882, a Fabrairun 1903, sojojinsu suka sa igwa a ganuwar Kano. Shi kansa Gwamna Lugga ya rubuta mamakin girmanta, tsayi ƙafa 30 zuwa 50, ga gwalalo da ƙaya a bayanta. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: abin da igwa ta rusa a rana ɗaya bai kai kaso kaɗan na abin da ya tafi bayan 1960 ba, ta hanyar ɗibar ƙasar gini, da yanka filaye, da zubar da shara.

Mu ma fa mutanen gwalalo ne, har mun fi su. Su kowa gidansa ya kewaye. Mu gari ɗungurungum muke kewayewa, da gonaki da rijiyoyi a ciki, a yi aikin gayya, talaka da basarake duk a bayan ganuwa ɗaya. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwar birni a farkon ƙarni na 12, wato kafin yawancin gwalalon Ingila, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Ga ganuwar Amina da ake danganta wa Sarauniyar Zazzau. Ga Surame ta Kanta da katangunta na dutse. Ku dubi sunayen garuruwanmu ma: Birnin Kudu, Birnin Gwari, Birnin Ƙonni, Kafin Hausa, Kafin Madaki, Kafin Soli. Kowane "birni" da kowane "kafi" shaida ce cewa an taɓa yin ganuwa ko shingen itace a wurin. Ban da ɗimbin kufai da ke cikin gonaki, waɗanda dattawa kaɗai suka san sunayensu.

Abin mamaki, mu ma dokarmu ta 1979 ce, doka mai lamba 77 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Shekara ɗaya da tasu. Amma wuraren da hukumar ta daɗe tana lissafawa a matsayin na ƙasa 65 ne, a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774. Tarar da ke cikin dokar an yanka ta ne lokacin da naira ta fi dala daraja. Ganuwar Kano da Surame suna cikin jerin jiran UNESCO tun 2007. Sannan ga wata matsala ta tsari: wurin tarihi na hukumar tarayya ne, amma ƙasar da yake kai, bisa dokar filaye ta 1978, tana hannun gwamnan jiha. In taswirar ofishin filaye ba ta nuna iyakar ganuwa ba, mai sa hannu a takardar mallaka fili kawai yake gani. Mu da muke aikin gwamnati mun san wannan: abin da ba ya cikin fayil, a wurin hukuma babu shi, ko da yana tsaye a gabanka.

Shi ya sa nake ganin darasin Ingila ba na kuɗi ba ne. Gyaran gida irin Ightham Mote yana cin miliyoyi, mu ajiye wannan gefe. Matakin farko mai araha ne. A ƙirga. Dagatai da masu unguwanni sun san kowane kufai da kowane gwalalo a ƙasarsu. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen binciken tarihi na ƙarƙashin ƙasa, sauran jami'o'i suna da ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa masu neman abin rubuta kundin kammala karatu. Wayar hannu tana ɗaukar hoto tana nuna daidai inda kake tsaye. In ka buɗe Google Earth ka duba karkarar Kano ko Zariya, za ka riƙa ganin zoben tsofaffin ganuwowi a cikin gonaki. Bayan ƙidaya, a shigar da iyakokin cikin taswirar ma'aikatar filaye ta kowace jiha, don kada a yanka wa kowa fuloti a kai. A bar wa manomi gonarsa, ya yi shukarsa, a hana haƙa da ɗibar ƙasa kawai. In aka ce za a ƙwace, wallahi shi zai fara baje wurin cikin dare kafin jami'ai su iso. Majalisun jihohi kuma suna iya yin nasu dokokin ba tare da jiran Abuja ba.

Ga mai cewa ciki ya fi tarihi, ina ƙara masa abu ɗaya. Gwalalo da kududdufan da ke bin ganuwa su ne matattarar ruwan sama na tsohon gari. Duk inda aka cike su aka yi gini, ruwan bai fasa zuwa ba, ɗakunan mutane yake shiga. Kuma a zamaninmu mun ga an koma haƙa rami a kewaye garuruwa da makarantu a Borno saboda tsaro. Dabarar da kakanni suka yi ba ta tsufa ba, mu ne muke share shaidarta kafin mu karance ta.

Don haka ina da roƙo. Duk wanda ya san wata tsohuwar ganuwa, ko gwalalo, ko kufai a garinsu, ya rubuta sunan wurin da ƙaramar hukumar da yake. In akwai dattijon da ya san labarinsa, a je a zauna da shi, a naɗi muryarsa tun yana raye. In ta kama mu fara rajistar da kanmu kafin hukuma ta waiwayo, sai mu fara. Mutanen da suka ƙirga ramukan Ingila ma 'yan sa-kai ne da igiyar awo.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiyar da ba sai mun sake haƙa rami ba.